Ranar da Dokta Azariya Ya Rina Bakin 'Yan Aji Uku

Duk wanda ya zauna a layinmu na bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan ya san Azariya, don ko ba ka san shi ba, shi zai tare ka ya sanar da kai. Ya sauka a unguwarmu ne daga Kaduna da akwati ɗaya, da haƙora farare tas, da kuma suna. Wai Dokta.

Daga baya ne muka ji asalin labarin. Mutumin wani ƙauye ne a wajen Nok, kuma tun yana saurayi rake da alawa da buɗe kwalbar lemo da baki suka gama da haƙoransa. A Kaduna ya sami aikin gadi a wani asibitin haƙori, ya yi ta buɗe ƙofa yana rufewa har furfura ta fito masa. Da zai bar aiki likitan ya tausaya masa, ya cire 'yan kututturan da suka rage, ya yi masa haƙoran roba sama da ƙasa. Iyakar karatun likitancin Azariya ke nan. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, to shi farin baki ya kawo masa.

Mu dai a lokacin ba mu san komai ba. Abin da muka sani shi ne ba ka isa ka yi hamma a gabansa ba sai ya leƙa.

"Kai, wannan na ƙasan ya kusa tafiya. Dubi nawa. Talatin da biyu, ko ɗaya bai taɓa girgiza ba tun da aka haife ni."

In aka miƙa masa gasasshiyar masara sai ya ce likitoci ba sa ci a hanya. In aka ba shi nama mai ƙashi a wurin biki, sai ya naɗe a leda ya ce sai ya je gida ya duba lafiyarsa.

To, gwauro ne, kuma idonsa ya faɗa kan Malama Paulina, mai koyar da 'yan aji uku a wata firamare da ke hanyar Madakiya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana sai a ƙungiyar mawaƙan coci. Azariya ya yi ta raka ta bayan sujada yana ba ta labarin haƙoran manyan mutanen da ya cire, har ranar da ta tsaya ta dube shi.

"Dokta, ni ba yarinya ba ce, amma ina da manya. Yaya Luke zai zo daga Madakiya ranar da za a raba wa yara kyaututtuka a makaranta. Zai gan ka. In ya yarda, ka zo gida ran Lahadi a yi magana. In bai yarda ba, mu ci gaba da gaisawa a coci."

In wani ne ya ji haka sai ya wanke kaftaninsa, ya je ya zauna a benci, ya gaida Luke da ladabi, shi ke nan. Amma Azariya ba wani ba ne. Ya ce Luke ba zai gan shi a zaune kamar sauran mutane ba, sai dai ya tarar da gari yana maganarsa. Washegari ya tafi wurin hedimasta Jonathan ya ce zai koya wa 'yan aji uku tsabtar baki da safen ranar bikin, kyauta, don Ubangiji. Hedimasta ya ji likita kuma kyauta, har bakin ƙofa ya rako shi.

Ga dabarar. Lokacin da yake gadi ya taɓa hango likita ta taga yana ba yara wani jan abu su tsotsa. Abin sai ya manne a inda datti yake a haƙori, yaro ya gani a madubi, ya goge ya fita. Azariya bai san sunan abin ba, bai kuma ga dalilin tambaya ba. Launi dai launi ne. Sai ya nufi kemis ɗin Madam Oby, 'yar ƙabilar Ibo da aka haifa a nan layin reluwe, ya ce a ba shi ji-bi, shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo. A wajenmu kuwa ba gyambo ne ke cinye ji-bi ba, 'yan tsaki ne. Da kaza ta ƙyanƙyashe mata ke shafe su da shi, don shirwa ta gan su shuɗaye ta rasa gane abincinta.

"Oga Dokta, kaza naka ya ƙyanƙyashe?" in ji Oby.

"Ba ni da kaza."

"Gyambo ne? Nuna mini ƙafa."

"Madam, aikin kimiyya ne. Ba ni babbar kwalba."

"Wannan abu in ya kama ba ya saki fa. Duba hannu na, tun wancan sati ina wanke shi."

"Ke sayar da magani kike yi. Ni da masu rubuta shi na zauna."

A yi masa adalci, ya gwada abin kafin ranar. Ya kulle ɗaki, ya zare haƙoransa, ya shafe su da ji-bi suka yi shuɗi, ya jefa su a kofi ya zuba ruwan bilic na wankin fararen kaya. Da safe ya ɗauraye su sosai, sun fi da fari. Ya yi ta yi wa madubi murmushi. Abin da bai faɗo masa a rai ba shi ne haƙoran yara ba sa kwana a kofi. Ya daɗe rabonsa da haƙori na gaske, har ya manta cewa tare yake da dasashi da harshe da leɓe.

Ranar biki ya fito da farar doguwar riga irin ta likitoci, wadda ya aro wajen wani mai nama a kasuwa, tana ta ƙanshin kitse. A leda kuma ga muƙamuƙin saniya da haƙoranta, don nuna wa yara misali. Kafin ya isa makaranta karnuka sun shiga sahu a bayansa kamar masu rakiyar ango.

'Yan aji uku suna zaune tsaf, kowa cikin farin yunifom da uwarsa ta wanke ta goge, kowa da buroshi ko aswaki a hannu kamar yadda aka umarta. Malama Paulina ta raɗa masa, "Dokta, a hankali da kayansu. Su ne za su yi waƙar maraba da baƙi."

"Malama, ki zauna ki ga aiki."

Ya ɗaga muƙamuƙin saniyar sama. "Yara, mene ne wannan?"

Kafin a amsa, wani jan kare da ya lallaɓo ta ƙofa ya yi tsalle ya amsa da kansa. Ya fice da darasin farko a baki, sauran karnuka suka rufa masa baya, ajin ya kaure da ihu. Azariya ya gyara riga.

"Kun gani? Haƙorin kare ke nan. Ba ya shan alawa. Wa ke da tambaya?"

Somto, ɗan Madam Oby, ya ɗaga hannu. "Baba Dokta, me ya sa haƙori naka yana yin ƙas-ƙas in kana magana?"

"Ƙarar lafiya ce. In ka girma ka kula da naka, kai ma za su yi. A jeru!"

Suka jeru. Ya tsoma gashin kaza a kwalba yana shafa wa kowane yaro a haƙora, yana bayani da ƙarfi don Malama ta ji. Wannan launin, in ji shi, datti kawai yake kamawa. Duk wanda ya iya goge baki zai fita nan take. Jiya ma ya shafa a nasa, ga su nan kamar madara. Yara kuwa ai ba a ba su abu a baki su bar shi. Wannan ya lasa, wancan ya kurkure da miyau don ya ji ɗanɗano, Amina 'yar Dije mai nono ta ce nata bai kama sosai ba a ƙara mata.

"To, a goge! Sama da ƙasa, sama da ƙasa!"

Aka kama gugar baki a bakin bokiti. Kumfa ta taso shuɗiya, ta bi leɓe, ta sauko haɓa, ta ɗiga a farin yunifom. Wanda ya share da hannu, hannun ya kama. Wanda ya share da riga, rigar ta kama. Malama Paulina ta miƙe tsaye a hankali.

"Dokta, ba ya fita."

"Dattin ne ya yi yawa. Kin ga amfanin zuwana ke nan. A ƙara man goge baki!"

Aka ƙara, kumfa ta ƙaru. Ya ce a kawo gishiri. Aka kawo, yara suka yi ta tofi, bango ya samu rabonsa. Ya ce gawayi. Yanzu bakin ya zama shuɗi da baƙi. Ya ce lemun tsami, yara suka fara kuka, hawaye ya bi kumatu ya tarar da launi ya ja shi har wuya. Ni da nake ba ku labarin ɗiyar ƙanena tana cikin ajin, kuma da na gan ta ban gane ta ba sai ta takalmi.

Ana cikin haka hedimasta Jonathan ya leƙo ya ce baƙi sun cika rumfa. Ya ga abin da ya gani, ya dafa ƙofa.

"Yesu! Malama, waɗannan 'ya'yan wa ne?"

"Namu ne, ranka ya daɗe."

"Dokta, yaushe zai fita?"

"Yana kan hanya."

"Wace hanya? Ciyaman na iyayen yara ya zauna! Fasto ya zauna, Liman ya zauna!"

Azariya bai taɓa rasa dabara ba, matsalarsa ke nan a duniya. Ya ce a goge musu fuska da tsumma iyakar iyawa, kowane yaro ya rungume hannuwa a ƙirji ya rufe tabon riga, sannan su yi waƙar da baki a rufe. A Kaduna, in ji shi, haka manyan makarantu ke yi.

Haka aka fito da su gaban rumfa, hannuwa a ƙirji, leɓe a tsuke, kai a sunkuye. Iyaye suka fara tafi. A layin gaba ga wani dattijo mai faɗin kafaɗa, manomin citta, ya ɗora hularsa a gwiwa, ba ya tafi ba ya murmushi. Yaya Luke ke nan. Malama Paulina ta ɗaga hannu, yara suka fara: "Mmmm, mmmm." Mutane suka dubi juna. Wata tsohuwa ta ce ko azumin magana suke yi. Baiti na farko ya wuce lafiya. Amma waƙar tana da wurin da murya ke hawa sama a ce "Barka da zuwa!", wurin da yaran suka fi so, wanda suka yi makonni suna koya. Da aka iso nan suka manta da Dokta da dabararsa, suka ware hannuwa, suka wangale baki gaba ɗaya.

Sai rumfa ta fashe da ihu.

"Somto! Chineke! Wa ya yi maka haka?" Madam Oby ta tsallake benci. Ta kama haɓar ɗanta ta leƙa, ta shinshina, ta juyo. "Ji-bi ne! Ji-bi nawa! Oga Dokta, wannan ne kimiyya?"

Dije ta sauke ƙwaryar nononta ta jawo Amina tana jujjuya ta. "Likita, 'yata na kawo boko, ba ɗan tsako ba. Shirwa ce ta dame ku a makarantar?"

"Yunifom ɗin nan jiya na karɓo daga tela!" in ji wata.

"Gobe nawa zai riƙe zobe a ɗaurin aure!" in ji wani.

Azariya ya karɓe lasifika daga hannun mai gabatarwa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma shi har lokacin gani yake yayyafi ne. "Jama'a, a kwantar da hankali! Wannan launin ba ya kama baki mai tsabta. Ni kaina jiya na shafa. Ku duba!" Ya yashe haƙora, rana ta haska su.

Sai Luke ya yi magana karon farko, bai ko tashi ba. "To shafa mu gani."

"Baba, ai na riga na..."

"Gani ya kori ji. Shafa."

Oby ba ta jira ba. Ta fizgo kwalbar daga aljihun farar riga, ta tsoma gashin kaza, ta shafe masa su sama da ƙasa da hannun da ba tausayi a cikinsa. Aka ba shi buroshi. Ya goga. Ya ƙara gogawa. Lasifika na ɗaukar ƙas-ƙas ɗin tana watsawa har bakin titi. Ya tofar, ya yashe baki. Shuɗi kamar an tsoma a marina.

"Ashe bakin Dokta ma da datti," in ji Dije.

"Jiya da me ka fitar?" Luke ya tambaya.

Zufa ta keto wa Azariya. "Da... da ruwan bilic."

"Haba, ai da ka faɗa tun ɗazu!" in ji hedimasta. "Muna da shi a sito." Ya tura aka ɗauko jarka da kofi.

"Bilic a bakin yaro?" Oby ta daka tsawa. "Ɗana ba zai taɓa ba!"

"Madam, ke kemis ce, shi dokta ne," in ji hedimasta, yana tsiyayawa. "Ga shi tsaye da ransa, jiya ya kurkura."

Iyaye suka fara turo 'ya'yansu. Dije ce ta riga kowa karɓar kofin. "In likita ya sa a bakinsa bai mutu ba, Amina ma ba za ta mutu ba. Buɗe baki."

Azariya ya dubi Luke, ya dubi Paulina, ya dubi kofin yana tafiya bakin yarinya. Ko da gadi ya yi, ya san abin da ruwan nan ke yi wa fata, ya sha wanke tsakar asibiti da shi. Shiru kawai zai yi ya ci gaba da zama Dokta. Ni dai na sha jin haushin mutumin nan, amma abin da ya yi a lokacin ya sa har yau ba na bari a zage shi a gabana.

"Kada!" Ya yi kukan kura ya buge kofin ya zube a ƙasa. "Kada ki ba ta! Zai ƙone mata baki, in ta haɗiye kuma sai asibiti!"

"Kai ba ka kurkura ba?" in ji Dije.

"Ni ba a baki na yi ba."

"A ina ka yi?"

"A kofi."

Ba wanda ya gane. Sai ya sa yatsu biyu a baki, ya zaro na sama, ya zaro na ƙasa, ya ɗora su a tafin hannu, shuɗaye, suna yi wa jama'a murmushi su kaɗai. Kumatunsa suka lotsa, haɓarsa ta tashi ta kusa gaida hanci. Nan take ya tsufa da shekara ashirin. 'Yan aji uku suka kwarma ihu suka ɓuya a bayan iyayensu. Fasto ya cire tabarau ya goge. Liman ya ce, "Ikon Allah."

Lasifikar tana hannunsa har yanzu, sai ya ga ba abin da ya rage masa na ɓoyewa. Ya juya ga yaran, magana na fita da iska. "Ni ba dokta ba ne, maigadi ne. Nawa na gaske alawa da kwalbar lemo suka cinye, ban kuma taɓa goge su ba sai da suka fara ciwo. Ku goge naku safe da dare, da buroshi ko da aswaki. In ba haka ba, naku ma a kofi za su kwana."

Somto ya lalubo buroshinsa daga aljihu ya kama guga a tsaye, yana kuka. Sauran suka bi. Ba a taɓa yin darasin da ya shiga kan yara da sauri haka a makarantar nan ba.

Oby ta ce wa iyaye su kwantar da hankali, na baki zai fita da kansa cikin 'yan kwanaki, na riga ne sai an sha wuya. Aka yanke hukunci nan take cewa wanda ya rina shi zai wanke. Aka fara tuɓe wa yara riguna ana tarawa a gaban Azariya, aka ɗora masa jarkar bilic a kai.

Luke ya tashi ya sa hularsa, ya zo ya tsaya yana kallon tarin wankin, yana kallon mai wankin.

"An ce in zo in ga likita. Ban ga likita ba." Ya gyara hularsa. "Amma na ga kofin da ka buge. Ka zo ran Lahadi. Da na ce a gasa masara da naman akuya. Yanzu sai in ce wa mata su dama fate."

Da ya wuce, Azariya ya matsa kusa da Paulina, haƙora a hannu, ya kasa ɗaga ido. "Malama, na ba ki kunya."

"Ka ba ni. Waƙar nan tun farkon zango muke koyonta."

"Maganar haƙoran kuma..."

"Tun Kirsimeti na sani. Kana jan Haleluya na sama ya sauko, ka mayar da shi da harshe. Ina kusa da kai. Jira nake ka faɗa mini da bakinka."

"To ga shi na faɗa."

"Ka faɗa. Da lasifika." Ta ƙara masa rigar Amina a kan tarin.

Kwana biyu layinmu yana kallon igiyar shanyar Azariya cike da ƙananan riguna. Ya wanke, ya jiƙa, ya sake wankewa, har jarkar ta ƙare ƙaf bai rage wa kofinsa ko ɗigo ba. Oby kuma ta rantse ko ashana ba za ta sake sayar masa ba. Haka ya hau babur ran Lahadi zuwa Madakiya, da wankakken kaftani da haƙora shuɗaye.

Matar Luke ta fito tarbar baƙo, ya yi mata murmushi, ta ja da baya ta riƙe ƙirji. Ta jawo Paulina gefe, amma muryarta kowa ya ji.

"Paulina, haka za ki karɓe shi? Ba za a wanke ba tukuna?"

Paulina ta dube shi yana zaune a kan tabarma, ya rungume kwanon fate da hannu biyu.

"A bar shi haka," in ji ta. "Ko ba komai shirwa ba za ta ɗauke mini shi ba."